Robar Fitsari da Shafin Farko

Litinin, da hantsi

An cire robar fitsarin yau. Nas ce ta cire, ba Likita ba. Ta ce in ja numfashi, kafin in gama ja har ta nuna mini ita a cikin tasa. Na ɗauka ta fi haka tsawo. Tun kafin tiyata take jikina, tun yammacin da fitsari ya tsaya mini cak a ofis aka kawo ni nan a motar rarraba jarida, ina zaune a kan ɗaurin bugun jiya. Mun daɗe tare, amma ban yi mata ban kwana ba.

Suka ajiye mini gorar ruwa, suka ce ba sallama sai na yi da kaina. Na sha, na zauna bakin gado ina jira. Da ya zo, ya zo da zafi da ɗan ja, amma ya zo da ƙarfi. Na ji ƙararsa a cikin kwano. Na manta yana ƙara. Shekaru ina tsayuwa ina lallashinsa yana ɗiga kamar ana karɓar bashi.

Direba ya ji daga bayan labule. Direban babbar mota ne, gadonsa na jikin nawa, rana ɗaya aka yi mana aiki.

"Malam, wannan famfon gwamnati ne ko burtsatse?"

Na ce burtsatse.

"To Allah ya sa kada a ɗauke wuta."

Likita ya zo daga baya ya maimaita bayaninsa saboda Malama, matata, tana wurin. Furostet wani ƙullin nama ne da ke zagaye da hanyar fitsari a ƙasan mafitsara. Da shekaru yakan kumbura ya matse hanyar. Sun shiga ta ciki sun kankare shi. Wurin zai yi ɓawo kamar kowane ciwo, nan da mako biyu ɓawon zai faɗi, za a ga jini, ruwa ne ke wanke shi. In sha ruwa sosai, kada in ɗaga nauyi, kada in yi yunƙuri a banɗaki. Naman da suka cire an aika ɗakin gwaji. Ban tambaye shi abin da suke nema a ciki ba.

Litinin, bayan la'asar

Gida. Malama ta shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado. Na yi kamar ban ji motsin ledar ba.

Talata, da safe

Ƙofar da a da ta ƙi buɗewa, yanzu ta ƙi rufuwa. Na miƙe daga kujera, ya zubo. Na yi tari, ya zubo. In kuwa ya matsa, tsakanin falo da banɗaki doguwar tafiya ce. Likita ya faɗi wannan ma, ya ce na 'yan makonni ne, sai dai jin abu a bakin likita daban, jinsa a cinya daban.

Malama ta biya kemis ta sayo ƙunzugun manya. Ta ce mai kemis ya tambaya na wa ne, ta ce na jaririnta ne, mai furfura. Ban yi dariya ba. Dariya ma yanzu tana da sakamako.

Na kira Liman a waya kan batun tsarki, ina ta kewaye-kewaye. Ya katse ni, ya ce in yi alwala ga kowace salla in bar sauran ga Allah, kuma in daina tsammanin ni ne farkon wanda ya yi masa wannan tambayar a sahun gaba.

Laraba, da azahar

Edita ya kira.

"Jan Biro! Ya jiki? Ya ƙarfin jiki?"

Har yau da wannan sunan suke kirana, ko da yake rabona da gyara labari da jan biro tun zuwan kwamfuta. Ya ce teburin shafin farko na nan yana jirana, mataimakina yana riƙe da shi, sai dai na sama suna tambaya. In har ƙarshen wata jiki bai yarda ba, sai in riƙa aiko da sharhin mako daga gida. "Ka ga ai girma ne." Na tace irin wannan jimlar ba adadi a sanarwar kamfanoni. Na san abin da ke saura in an cire kitsen.

Aikin ba ya ba ni tsoro. Awar rufe shafi ce. A teburinmu, daga lokacin da aka fara haɗa shafin farko har a tura shi maɗaba'a, ba mai tashi. Ba a rubuce yake ba. Marigayin da ya koya mini aiki yakan ce a mintin da ka ba labari baya yake canzawa, kuma kuskuren da sunanka zai fito. Don haka tsofaffin teburin suna da dabara: daga azahar ba ruwa, ba shayi. Haka na yi shekara talatin, ina ma alfahari da shi. Banɗakin yana can ƙarshen baranda, bayan ofishin talla, sai ka ratsa ɗakin labarai tun daga wannan bango har wancan.

Na ce wa Edita kafin ƙarshen wata zai gan ni.

Alhamis, da yamma

Wando uku a igiya. Na ce wa Malama ta shanya su ta bayan gida.

Juma'a, bayan la'asar

Mai Hoto ya zo duba ni da ledar lemo. Tare muka fara aiki, na girme shi da kaɗan. Ya zauna a bakin kujera yana juya hularsa, ya yi mini labarin ofis da ban tambaya ba, har sai da Malama ta shiga kicin. Sannan ya matso.

"Yaya, akwai wani abokina."

"Allah sarki."

"Shi ma in ya tsaya, sai ya jira. Kuma yana gamawa sai ya ji kamar bai yi ba."

"Abokin nan naka shekarunsa nawa?"

"Kamar nawa haka."

"Yana ɗaukar hoto?"

Ya dubi silin. "Wani lokaci."

Na ba shi sunan asibitin da ranakun da Likita ke ganin mutane. Ya rage murya har sai da na kai kunne. Abokin nasa yana son ya sani, bayan aikin, mutum yana nan a matsayinsa na maigida? Na ce Likita ya ce yana nan, amma ban samu tabbaci daga majiya ta biyu ba tukuna.

Da ya tafi, Malama ta fito tana goge hannu. Ta ce majiya ta biyu ta ce a jira mako shida kamar yadda Likita ya faɗa, kuma a gaya wa abokin Mai Hoto bangon kicin ɗin nan na katako ne.

Shi ne na uku a makon nan. Maƙwabcinmu na da wani ƙane, mai gyaran mota na da wani kawu. Ban taɓa sanin garin nan cike yake da abokai marasa lafiya ba.

Asabar, da yamma

Na gwada tsohuwar dabara. Rabin kofin shayi da safe, shi ke nan. Har la'asar ƙunzugun a bushe. Na zauna, na miƙe, na yi tari da gangan. Ba komai. Abin da bai shiga ba, ba zai fita ba. Na daɗe ban ji daɗi irin na yau ba.

Litinin, da hantsi

Kowace safiya kafin ta tafi makaranta, Malama takan cika babbar gora ta ajiye mini a kan teburin falo. In ta dawo takan ɗaga ta ta girgiza. Takan same ta fanko.

Furen da ke cikin tukunya a bakin taga ya yi sabon ganye.

Litinin, da yamma

Direba ya kira. Ya ce yana sha kamar radiyeta, yana zubarwa kamar radiyetar da ta fashe. Matarsa ta ce ta yaye yara ashe da saura.

"Kai fa, Malam?"

Na ce na kusa bushewa.

"Kai! Da wuri haka? Lallai naku na 'yan jarida daban ne. Nawa ko birki ba ya ji."

Ya yi dariya har ya ce, "Af, ka ga ka jawo mini," ya kashe wayar. Shi mai motar ya ba shi wata biyu. Ba wanda ya yi masa maganar girma.

Talata, da azahar

A bushe. Kalar ta yi duhu, kamar shayin da aka manta a wuta. Na karanta babi biyu ban tashi ba.

Laraba, da safe

Ɗan jini. An ce za a gani.

Ba kira daga ɗakin gwaji. Malama ta tambaya ko in ta kira su. Na ce in akwai labari su za su nemo mu.

Alhamis, da hantsi

Zan leƙa ofis in gaisa da mutane. Gaisuwa kawai.

Asabar, asibiti

An mayar da robar.

Lahadi, asibiti, bayan azahar

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, ba ƙari.

Na isa ofis bayan azahar. Suka tashi suka yi tafi, abin da ba a yi wa kowa sai wanda zai yi ritaya. Mataimakina ya miƙe daga kujerata ba tare da na ce ba. Na ce zan ɗan zauna in ga abin da suka haɗa. Ana cikin haka labarin gobara a wata ma'ajiyar kaya ya shigo, babban labarin da aka shirya ya koma shafin ciki, aka fara komai daga farko. Na ja kujera. Na cire agogo na ajiye a gefen allo kamar kullum.

Tun la'asar nake jin nauyi a mara. Na san shi, mun saba, na ce ya jira. Alƙaluman wakilinmu da na 'yan kwana-kwana suka saɓa, na sa aka sake kira. Na canza kanun labarin sau biyu. Aiki ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Hannuna bai manta komai ba. Muka tura shafin kafin lokaci. Edita ya leƙo ya ɗaga mini babban yatsa.

Na ratsa ɗakin labarai a hankali, kamar mai ɗauke da kwanon miya cike. Na tsaya a banɗaki. Ba komai. Na jira. Ɗigo biyu, ja wur. Sai wani ciwo ya taso daga ƙasa wanda na san shi tun wancan yammacin, na jingina goshina da bango. Tayil ɗin da sanyi, abin da na fi tunawa ke nan.

Mai Hoto ne ya same ni. Ba nemana ya zo yi ba, shi ma kullum da an rufe shafi nan yake fara zuwa. Ya rataya hannuna a kafaɗarsa, muka fita ta ƙofar baya inda ake loda jarida, ya sa ni a motarsa. Kowane rami a titi na san shi yanzu da suna.

A asibiti suka mayar da robar, babba wannan karon. Suka riƙa tura ruwa da wani ƙaton sirinji suna jawowa, gudajen jini na fitowa kamar yankakkiyar hanta. Da hanyar ta buɗe, daɗin da na ji ba ni da kalmarsa, ni da nake sayar da kalmomi. Na ji hawaye na gangarowa cikin kunnena. Nas ta yi kamar ba ta gani ba.

Likita ya zo washegari da safe. Malama na zaune a gefen gado, jakarta a cinya.

"Ruwa nawa kake sha a yini?"

Ina shirya jimlar da ba ƙarya ba ce, Malama ta riga ni.

"Furen falo ne ke sha masa, Likita. Jiya na ɗaga tukunyar, saiwar har ta fara ruɓewa."

Likita bai yi faɗa ba. Ya ce ɓawon ya faɗi a lokacinsa, bai samu ruwan da zai kore shi ba, jinin ya daskare ya toshe hanya. Ya tambaya me ya sa. Na yi masa bayanin awar rufe shafi, da dabarar azahar. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce kumburin ba wannan ya kawo shi ba, shekaru ne, amma mafitsarar da aka saba cika ta a hana ta fita takan gaji. Shi ya sa bai yi mini alkawari ba. Za a bar robar kwana goma, a cire, a gani. In mafitsarar ba ta iya juye kanta, za a yi wata magana. Ban tambayi wace magana ba. Na taɓa karantawa cewa a da tsofaffi kan yi yawo da ɗan bututu a cikin hula, su zura da kansu in ta matsa. Na yi ta tunanin hular.

Lahadi, da yamma

Malama ta kawo abinci, ta zuba, ta zauna tana kallon jakar fitsarin da ke rataye a jikin gado. Tun jiya maganarta ba ta wuce "ci" da "sha" ba. Can ta ce:

"Shekara talatin ina ɗumama abinci saboda shafin nan. Ban taɓa cewa komai ba. Amma gaya mini, da ka mutu a banɗakin ofis, a shafi na nawa za su sa ka?"

Na yi tunani da gaske. Na ce shafin ciki, ƙasa, ta hagu. Da ƙaramin hoto, in akwai wuri.

"Ashe ka sani."

Ta miƙo mini kofi. Na shanye. Ta sake cikawa.

Litinin, da hantsi

Sakamakon naman ya fito. Ba mugun ciwon nan ba ne.

Litinin, bayan la'asar

Likita ya faɗa a tsaye, yana duba wani abu daban, kamar mai faɗin farashin albasa. Kumburi ne kawai na shekaru. Malama ta ce alhamdulillahi, ta ce bari ta sayo ruwa, ta fita. Akwai gora biyu cike a kan durowa. Ta daɗe. Da ta dawo idonta ya yi ja, hannunta ba komai.

Tun ranar tiyata ba wanda ya furta sunan abin a gidanmu. Yau ma ba mu furta ba. Mun raba lemo ɗaya.

Laraba, gida, da safe

Ni da robar da jakarta a ɗaure a ƙafa. Ruwan cikinta ya koma fari tas. Ina kallonsa kamar yadda wasu ke kallon talabijin.

An fitar da furen waje. Malama ta ce ko zai rayu ko ba zai rayu ba, ba ya komawa falo.

Alhamis, da azahar

Edita ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba. Ya aiko da saƙo cewa shafin ranar ya yi kyau, in huta. Bai ambaci ƙarshen wata ba. Na karanta saƙon ina neman abin da aka cire.

Na sha.

Juma'a, da yamma

Mai Hoto ya kira. Abokinsa ya ga Likita. An ɗebi jini, an yi masa wancan gwajin da ake zura yatsa ta baya.

"Yaya, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na ce abokinsa ne ya kamata ya yi wannan ƙorafin.

"Abokin nawa ya ce Allah ya isa."

An ba shi magani, an ce wataƙila ba sai an yi aiki ba. Muryarsa ta yi sauƙi. Na yi masa godiya kan ranar Alhamis. Ya ce wace Alhamis, ya shiga maganar kyamarar da ofis ya ƙi saya masa.

Asabar

Na sha. Na sha. Na sha.

Litinin, asibiti, da hantsi

An cire ta karo na biyu. Nas ɗin nan ce dai. Ta ce, "Baba, kada mu sake haɗuwa ta wannan hanyar." Na ce in sha Allah.

Ya ɗauki lokaci kafin ya zo. Na yi zarya a baranda da gora a hannu. Na tarar da Direba a benci, ya zo a duba shi, ya yi ƙiba. Ya riga ya ji labari a wurin nas-nas.

"Malam, ashe injin ka tuƙa ba ruwa! Ko yaron mota ba ya haka."

Na ce na karɓi gyara.

"Zauna nan, kada ka yi ta tunaninsa. Kamar fasinja ne, in ya ga kana jira sai ya ƙi fitowa."

Muka zauna. Ya ba ni labarin wata gada da ya taɓa kwana a kanta da lodin siminti. A tsakiyar labarin na miƙe. Ya ɗaga hannu kamar mai sallamar mota a tasha.

Ya zo. Ba jini. Yana ƙara.

Laraba, da safe

An koya mini matse naman ƙasa, kamar mai riƙe iska a cikin taro, in saki, in sake. Ina yi a zaune, ina yi a tsaye. Malama ta ce fuskata ce ke yin aikin, ba wurin da aka ce ba. Na gwada a gaban madubi. Tana da gaskiya.

Wando ɗaya a igiya.

Juma'a, bayan la'asar

Na kira Edita. Na ce Litinin zan dawo teburin, in ga abin da jiki zai yi, shi ma ya gani. Ya ce, "To, Jan Biro. Mu gani ɗin." Ranar Talata wata ke ƙarewa.

Lahadi, da yamma

Malama ta goge mini wando mai duhu. Ta sa ƙunzugu biyu a aljihun ciki na jakar aiki, inda ba a gani. Ta wanke gorar.

Litinin, bayan isha

Na ajiye gorar a kan tebur, gefen allo. Ba a taɓa ganin ruwa a wannan teburin bayan azahar ba. Mataimakina ya kalle ta, ya kalle ni, ya koma kan aikinsa. Na riƙa sha kaɗan-kaɗan.

Muna tsakiyar haɗa shafin ya matsa. Hoton bai zauna ba, sakin layi na biyu yana da tsawo, wakilinmu yana kan waya. Na ji hannuna ya kama gefen tebur da kansa, ƙafafuna sun haɗe, jikina ya shirya riƙewa ba tare da ya shawarce ni ba. Na dubi agogo. Sauran lokacin na san zan iya riƙe shi. Na sha riƙe wanda ya fi shi.

Na ce wa mataimakina, "Riƙe mini shafin."

Ya ce, "Na'am?"

"Riƙe mini shafin. Ina zuwa."

Na miƙe na ratsa ɗakin labarai. Na shirya wa idanu, ban samu ko ɗaya ba. Kowa kansa na kan allo. Mai labarin wasanni ce kawai ta tsayar da ni, ba ta ko ɗago ba, ta tambaya ko za a ba ta ƙarin layi biyar. Na ce uku. Na wuce ofishin talla, na shiga, na yi, na gama. Na tsaya kaɗan don in tabbata na gama. Ƙunzugun da ɗan danshi, ba abin a zo a gani ba.

Da na dawo shafin na nan. Yaron ya rage sakin layin, ya matsar da hoton. Na karanta daga sama har ƙasa ina neman abin da ya ɓata. Ya cire kalma ɗaya daga kanun da na rubuta. Ya fi kyau ba ita. Na bar shi. Muka tura a kan lokaci.

Ina sa agogo Edita ya leƙo daga ƙofarsa, jaka a hannu.

"Jan Biro, jibi ka zo da wuri. Akwai taron tsarin wata mai zuwa, ina son shafin farko ya fara magana."

Na ce to.

A gida Malama ta ɗaga gorar ta girgiza. Ta tambaya ko akwai fure a ofis. Na ce na roba ne. Ta zuba abinci.

Laraba, da yamma

Na tashi sau biyu a taron. Na biyun na tarar da mai kula da shafin kasuwanci a can, ya ce tun da aka fara yake jiran wani ya fara tashi.

Alhamis, da hantsi

Asibiti. Suka sa na sha ruwa, na yi fitsari, sannan nas ta shafa mini man nan mai sanyi a mara ta ɗora na'ura don a ga abin da ya rage a mafitsara. Ta ce a ganinta ragowar kaɗan ce. Likita yana ɗakin tiyata, bai ga hoton ba tukuna. Sai Litinin zai faɗa ko an gama da robar.